Ƙarfen Bakin Ƙofa da Taɓon Takalmi

A tsofaffin unguwannin Brussels, babban birnin Beljiyam, gidaje da dama da aka gina a ƙarni na 19 suna da wani ɗan rami a jikin bango, dab da ƙofar shiga, can ƙasa daidai idon sawu. Faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, an kuma gitta wani siririn ƙarfe a bakinsa. Baƙo zai iya ɗaukarsa kafar shan iska ce, ko mashigar kyanwa. Makankarin takalmi ne. In mai gida ya dawo daga cikin gari, sai ya ɗora ƙasan takalminsa a kan ƙarfen, ya ja baya sau biyu ko uku, taɓon ya zube cikin ramin, sannan ya tura ƙofa. Faransawa suna ce masa décrottoir. Akwai irinsa birjik a Landan da Dublin da Edinburgh, har da tsofaffin gidajen New York da Philadelphia, inda aka fi dasa shi a kan matakalar dutse ko a haɗa shi da shingen ƙarfen ƙofar gida.

Kafin a gane dalilin da ya sa birni guda zai tanadi dubban waɗannan ƙarafa, sai an san irin taɓon da ake magana a kai. Ba jar ƙasar da ruwan sama ya jiƙa ba ce. A ƙarshen ƙarni na 19 an ƙiyasta dawakin da ke aiki a Landan sun kai 300,000: masu jan keken haya, masu jan motocin fasinja, masu dakon gawayi da giya da kayan kasuwa. Doki ɗaya yana kasayar da kilo 7 zuwa 15 a yini, ban da fitsari. Abin da ke zuba a titunan birnin kullum ya kai kimanin tan 1,000. Wannan kashin ne ke cakuɗuwa da garin dutsen da ƙafafun kekuna suka niƙe, da ɓurɓushin ƙarfen takalman dawaki, da baƙin hayaƙin gawayi, da ruwan wanke-wanken gidaje. In aka yi yayyafi sai ya zama baƙin caɓi mai danƙo da ɗoyi. Taɓon Paris ma ya yi suna tun kafin nan, don marubutan ƙarni na 17 da na 18 sun sha kukan warinsa da yadda yake ɓata tufa har wanki ya kasa fitar da shi.

Abin mamakin shi ne, ƙazantar titi ta girmi makankarin da ɗaruruwan shekaru. Me ya hana a ƙera shi tun da wuri? Amsar tana ga waɗanda ke taka titin. Mai hali a da ba ya yawo da ƙafa. Keken doki ne ke kai shi, ko kuma ƙarti biyu su ɗauke shi a kujera mai rufi har cikin zaure. Talaka kuwa da ke taka caɓin, ɗakinsa ba shi da shimfiɗar da zai ji tsoron ɓatawa. Matan da dole ta sa su fita sukan ɗaura wani takalmin katako a ƙarƙashin nasu, mai zoben ƙarfe a ƙasa, wanda ke ɗaga ƙafa sama da taɓo. Sana'ar ƙera shi ta yi ƙarfin da masu yinta a Landan suka sami takardar amincewar sarki a 1670, kuma har yau a cocin St Margaret Pattens akwai allon da ke roƙon mata su tuɓe shi kafin su shiga.

Abin da ya sauya lamarin shi ne daɓen gefen titi. Dokar shimfiɗa tituna ta Westminster, a Landan, ta 1762 ta ɗauke nauyin gyaran hanya daga wuyan masu gidaje ta ɗora wa hukuma, aka fara shimfiɗa faffaɗan dutse a gefe domin masu tafiya a ƙasa. Paris ta yi wa wani sabon titi kusa da gidan wasan Odéon irin wannan daɓe wajen 1781, sannan aikin ya bazu sosai a zamanin masu mulkin birnin, Rambuteau da Haussmann. Da aka sami wurin taka ƙafa, sai fita shan iska da kallon kantuna suka zama ado ga attajirai da matansu. To amma daɓen bai rufe mahaɗar tituna ba. Duk mai son tsallakawa sai ya ratsa ta inda dawaki ke bi, ga shi kuma gidan da zai koma an malala masa darduma, wadda masaƙun inji suka sa ta yi araha har matsakaicin ma'aikaci ya iya saye. Takalmi mai datti da shimfiɗa mai tsada suka haɗu a ƙofa ɗaya.

Akwai hanya mafi sauƙi, wadda Bahaushe da Bajapane da Baturke suka daɗe da sani: a tuɓe takalmin a bakin ƙofa. Sai dai a wajen Bature mai ji da kansa na wancan zamani, ka tsaya gaban baƙi da safa kawai kusan tsiraici ne, kuma takalmin da ake ɗaure shi da igiya ko maɓalli goma sha ba abin cirewa ne a tsaye ba. Saboda haka aka bar takalmi a ƙafa aka nemi dabarar rage masa kaya.

Ƙarafan farko-farko, maƙera ne suka buga su da guduma: ƙafafu biyu a dasa cikin dutse a cike gurbin da narkakkiyar darma, a gitta ƙarfe a tsakani. Bakin ƙarfen ba a wasa shi, ana barinsa kamar fartanyar da ta dakushe, domin mai kaifi zai yanke fatar takalmi da zaren ɗinkinta. Tsayinsa daga ƙasa ma da lissafi. Dole ya ɗaga yadda taɓon zai sami wurin zuba, kuma ya iya shiga lungun da ke tsakanin dunduniyar takalmi da tafinsa, inda laka ta fi maƙalewa. Da masana'antun zubin ƙarfe irin na Coalbrookdale a Ingila da Carron a Scotland suka bunƙasa, sai abin ya koma kayan kanti, mai gini ya zaɓa daga littafin samfuri. Aka yi masu siffar garaya, masu fukafukai, masu kan zaki, da masu dogon kare wanda gadon bayansa ne wurin kankarewa. Wasu an haɗa musu buroshi hagu da dama don gefen takalmi, wasu kuma da dogon mariƙi saboda tsofaffi.

A Brussels, waɗanda aka dasa a kan hanya sun riƙa sa mutane tuntuɓe, musamman da dare. Wajen tsakiyar ƙarni na 19 hukumar birnin ta hana a tsare hanyar masu tafiya da su, shi ya sa suka koma cikin bango. Daga nan magina suka mai da ramin wurin nuna gwaninta. A shekarun 1890, lokacin da Victor Horta da abokan zamaninsa suka fito da salon ginin da ake kira Art Nouveau, mai lanƙwashe-lanƙwashe irin na reshe da ganye, har makankarin ƙofa sai da aka zana shi ya dace da tagogi da mariƙin ƙofa. Masu bincike na Jami'ar ULB ta Brussels sun bi unguwannin birnin suna tattara tarihinsu, aka kuma baje kolin hotunansu a 2011.

Ƙarfen ƙofa na mai gida ne. Wanda ke tsakiyar gari kuma zai shiga ofis ko gidan surukai, sai ya nemi mai kayan hannu. A Paris ta ƙarni na 18 akwai masu sana'ar kankare taɓo da ke zama a kan gadar Pont Neuf da ƙofofin manyan gidaje, kuma Louis-Sébastien Mercier ya ba da labarinsu a littafinsa Tableau de Paris. Jarinsu bai taka kara ya karya ba: ɗan akwatin ɗora ƙafa, dakusasshiyar wuƙa, buroshi mai tauri na fitar da datti, mai laushi na sa ƙyalli, da baƙin shafawa da ake haɗawa da mai da kunkunniya. A Landan kuma akwai masu share mahaɗar titi da tsintsiya, yara da tsofaffi da nakasassu, suna buɗe wa masu tsallakawa 'yar hanya a cikin caɓi don a jefa musu ɗan kwabo. Henry Mayhew ya zanta da su a binciken da ya wallafa kan talakawan birnin, Charles Dickens kuma ya sa ɗayansu, yaro mai suna Jo, a littafinsa Bleak House. A 1851 ne wani lauya, John MacGregor, ya kafa ƙungiyar yara masu goge takalma, aka ɗinka musu jajayen riguna aka rarraba su a tituna albarkacin baƙin da suka cika birnin don babban baje kolin duniya. Duk wanda ya leƙa akwatin ɗan shushaina a Kano ko Legas yau zai ga kayan ba su sauya sosai ba.

Masu wannan aiki sun san abin da gaggawa ke ɓoye wa mai takalmi. Ɗanyen taɓo ana rage kaurinsa ne kawai a ƙasan takalmi. Wanda ya hau saman fata a bar shi ya bushe a inuwa, sai ya ɓare da kansa in an buga takalman biyu da juna, buroshi ya ƙarasa sauran. Goge shi da ɗanyensa yana tura yashi cikin fatar ya kankare mata fuska, kara shi a wuta kuma yana sa ta tsage. Tsinken itace ya fi wuƙa aminci a wajen ɗinki.

Mota da kwalta ne suka kashe kasuwar makankarin ƙofa. Edgar Hooley ya yi rajistar dabararsa ta gauraya kwalta da tsakuwa a 1902, babban kamfanin motocin fasinja na Landan kuma ya sallami motarsa ta ƙarshe mai dawaki a watan Oktoban 1911. Cikin shekaru kaɗan titi ya bushe, tabarmar ƙofa ta wadatar, magina suka daina barin rami a bango.

Takalmin kansa ma ya sauya. Bayan mutuwar wasu abokansa shida a hawan dutse a 1935, wani ɗan Italiya mai suna Vitale Bramani ya ɗora laifin a kan takalman da suka sa, ya ƙirƙiro tafin roba mai zurfafan haƙora, wanda ya fito a 1937 da sunan Vibram. Irinsa ne yanzu a ƙafar soja da ma'aikacin gini da mai yawon daji. Haƙoran suna riƙe ƙasa da kyau, suna kuma riƙe laka fiye da kima, kuma miƙaƙƙen ƙarfe yana wucewa ne ta samansu ya bar abin da ke cikin kwarin. Sai aiki ya dawo hannu. Mafi dacewa a nan ita ce 'yar ƙugiyar da masu kula da dawaki ke sakace kofato da ita, mai buroshi a ƙeya, har ma masu sayar da kayan yawon daji suna ƙera tasu a kan samfurinta. 'Yan ƙwallo da 'yan golf suna da nasu masu tsinke na sakace tsakanin ƙusoshin takalmi.

Babban dalilin da ya sa ake kankare takalmi a yau ba darduma ba ce, abin da laka ke ɗauke da shi ne. Charles Darwin ya hango shi tun 1859, ko da yake ƙafar tsuntsu yake tunani. Ya ɗebo laka cokali uku daga bakin wani ɗan tafki, wadda nauyinta bai kai giram 200 ba bayan ta bushe, ya ajiye ta a kofin shayi a ɗakin karatunsa wata shida, yana cire duk tsiron da ya fito yana ƙirgawa. Tsiro 537 ya samu. A kakar 2007 zuwa 2008 masana sun bi tufafi da jakunkuna da takalman masu zuwa Antatika da injin zuƙe ƙura, suka tarar waɗanda ke ɗauke da ƙwayar iri kowannensu yana da kusan 10 a matsakaici, kuma masu binciken kimiyya sun fi 'yan yawon buɗe ido ɗaukowa. Yanzu ba a sauka daga jirgin ruwa a can sai an wanke takalmi, haka in za a koma.

A Niyu Zilan abin ya fi tsanani. Itacen kauri yana rayuwa fiye da shekara 1,000, kuma mafi girmansa, wanda Maori, 'yan asalin ƙasar, ke kira Tāne Mahuta a dajin Waipoua, ya haura mita 45. Wata ƙwayar cuta mai zama a ƙasa, Phytophthora agathidicida, tana ruɓar da saiwoyinsa, ba a kuma samo maganin da ke warkar da shi ba. Ƙasar da ba ta fi kan allura ba ta isa ta kai cutar wani daji. A ƙarshen 2017 ƙabilar Te Kawerau ā Maki ta haramta shiga dajin Waitākere bisa al'adarta, hukumar Auckland ta bi baya da rufe yawancin hanyoyinsa a 2018. A mashigar dazuzzukan da aka bari a buɗe an kafa rumfuna masu buroshi da raga da mafeshin magani, ba a wucewa sai an bi ta ciki.

Makiyaya da masu kiwon kaji sun koyi darasin da tsada. Ciwon baki da kofato da ya ɓarke a Birtaniya a 2001 ya sa an hallaka dabbobi sama da miliyan 6, aka rufe hanyoyin ƙauye, aka ɗage zaɓe da wata guda. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 kuwa a wata gonar kaji ta Jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a Afirka, a watan Fabrairun 2006, kuma tun daga lokacin kwamin ruwan magani a ƙofar ɗakin kaji ya zama abin da likitocin dabbobi ke nanatawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsoma takalmi da lakarsa. Laka da kashin kaji suna kashe ƙarfin maganin, suna kuma lulluɓe ƙwayar cutar yadda ruwan ba zai taɓa ta ba, ba da daɗewa ba sai kwamin ya koma wurin rarraba cutar. Shi ya sa ƙa'idar gonakin da ake kula da su take farawa da tsinke da buroshi mai tauri da bokitin ruwa, a fitar da duk abin da ke tsakanin haƙoran takalmi, sannan a tsoma shi cikin maganin na tsawon mintocin da aka rubuta a jikin galan, a kuma sauya ruwan da zarar ya gurɓace.