Ko Kun Sani? Inda Dodon Kunne Ya Huje Shi Ke Nuna Girman Haɗari

Dodon kunne fata ce siririya, faɗinta kusan santimita 1. Idan matashi ya daɗe kunnensa na zubar da mugunya, likita kan leƙa da 'yar fitilar duba kunne, kuma galibi huji yake tararwa.

Gurbin hujin shi ne abin lura. Na tsakiya ya fi yawa. Yana rage ji, amma tsabtacewa da maganin ɗigawa sukan busar da kunnen. Na sama ko na gefe kuwa, musamman in ruwan na wari ƙwarai, yana iya ɓoye tarin matacciyar fata mai cin ƙashi a hankali, har ta kai ga shanyewar gefen fuska ko sanƙarau. Wannan sai tiyata.

Abin takaici, ciwon kan zo babu zafi, sai a riƙa zargin ɗalibi da rashin mai da hankali alhali ji ne ba ya yi. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo tsakanin miliyan 65 zuwa 330.

Iyaye, a daina ɗiga man ja ko sosa kunne da gashin kaza. Kunnen da ya yi mako biyu yana zuba, a kai shi asibiti.