Likita Ya Ce In Fara Maganin Tattaunawa Saboda Firgici: Me Zan Tarar, Kuma Ya Halatta?

TAMBAYA:

Ni mazaunin Isa ne. Tun da 'yan bindiga suka tare motarmu bara barci ya ƙaurace mini, ƙarar babur kaɗai takan sa jikina rawa, har kasuwa na daina zuwa. An yi mini ruƙya, ina azkar, amma abin bai sake ni ba. Likita a Sakkwato ya ce in fara maganin zama da tattaunawa da suke kira CBT, wasu kuma suna cewa raunin tawakkali ne. Me zan tarar a can, kuma ya halatta?

AMSA:

Allah Ya ba ka lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba a ƙasar Gobir.

Neman wannan magani halal ne, bai saɓa wa tawakkali ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bin Sharik (R.A) cewa Annabi (S.A.W) ya umarci bayin Allah su nemi magani. Firgici bayan tashin hankali ciwo ne da yake samun mumini, kamar yadda zazzaɓi yake samunsa.

Wannan hanya likitan Amurka Aaron Beck ne ya tsara ta a shekarun 1960, amma malamanmu sun san tushenta tun da daɗewa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus cewa ana magance tsoro da baƙin ciki ta hanyar tunkarar mugun tunani da tunani mai kyau.

Ga abin da za ka tarar:

1. Zaman farko tambayoyi ne: yaushe abin ya fara, yaya barcinka da cin abincinka, me ka daina yi saboda tsoro. Ka faɗi gaskiya, domin sirrinka amana ne a hannun likita.

2. Yawanci ana zama sau ɗaya a mako, kusan awa guda, daga zama 6 zuwa 20. Tunda hanyar Sakkwato tana da nisa da haɗari, ka tambaya tun farko ko za a iya yin wasu zaman ta waya.

3. Za a ba ka aikin gida. Za ka rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya zo maka, da abin da ka ji a jikinka. Misali, ka ji babur, zuciyarka ta ce "sun zo", alhali maƙwabcinka ne ya dawo daga gona. In ba ka rubutun boko, ka yi da ajami ko ka naɗa a waya.

4. Za a mayar da kai ga abin da ka bari sannu a hankali: yau ƙofar gida, gobe bakin kasuwa. Ba za a ce ka bi hanyar da ake tare mutane ba. Tsoron haɗari na gaskiya hankali ne; wanda ake magancewa shi ne wanda ya hana ka barci a ɗakinka.

5. A makonnin farko ciwon yakan motsa, saboda ana taɓo abin da ka binne. Kada ka yanke zuwa, ka gaya wa likitan.

Ka ci gaba da salla da azkar da addu'a, kada kuma ka bar ƙwayoyin da aka rubuta maka sai da izinin likita. Mace tana da damar neman likita mace, ko ta je da muharraminta. In aka tura ka asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kada kunyar mutane ta hana ka, zuwa can ba ya nufin hauka. Wanda kuwa tunanin kashe kansa ya zo masa, ya gaya wa wani nasa, a kai shi asibiti a ranar.

Wallahu a'alam.