Ruwan Gindin Dutse: Garau Yake, Amma Ana Sha?

Idan damina ta yi nisa, ƙasar duwatsu irin ta Kazaure da Roni da Gwiwa a Jigawa takan yi ta fitar da ruwa. Ka ga marmaro yana tsattsafowa daga gindin dutse a gefen hanya, yara sun jera jarkoki, ɗan acaɓa ya tsaya ya kurɓa da tafin hannu. Maganganu da yawa na yawo a kan wannan ruwa, wasu gaskiya, wasu rabin gaskiya, kuma rabin gaskiyar ta fi ƙarya haɗari.

An fi cewa dutse ya riga ya tace shi. Ƙasa tana tace ruwa, babu musu, amma aikin yashi ne da turɓaya, irin wanda ruwa ke ratsawa a hankali kafin ya isa rijiya mai zurfi a rairayin Ɓaɓura. Tsohon dutse irin na Kazaure ba ya tsotsar ruwa. Ta tsaga ruwan ke bi, tsaga kuwa hanya ce, ba rariya ba. Ruwan saman da ya wanke kashin shanu da takin gona a kan tudu yana iya ɓullowa a ƙasa cikin 'yan kwanaki da kayansa. Akwai gwajin da ba ya buƙatar likita: marmaron da ke ƙaruwa ko ya yi duhu bayan an sheƙa ruwa, ya kuma ƙafe da rani, daga kusa yake zuwa. Kafin ka duƙa, ɗaga kai ka ga abin da ke samansa.

Sai masu cewa ai garau yake, ga sanyi, ga daɗi. A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa a Landan, likita John Snow ya bi sawu har ya gano famfon titin Broad ne tushenta. Mutane na yabon ruwan famfon nan. Wata dattijuwa da ta ƙaura zuwa Hampstead ma aikawa take a ɗebo mata saboda ɗanɗanonsa, kuma shi ya yi ajalinta. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba su da launi, ba su da wari.

A nan ne nake ganin muke ruɗewa. Mun koya a makarantar allo da zaure cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba mai tsarki ne. Hukuncin daidai yake, amma hukuncin alwala ne da wanka. Malaman fiƙihu ba su ce duk ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi lafiya ne a ɗura wa jariri ba.

Wani zai ce Jigawa ai ta daina bahaya a fili. Gaskiya ne a Oktoban 2022 aka ayyana ta jiha ta farko a Najeriya da ta kai wannan matsayi, shekara guda bayan annobar kwalara ta 2021 da ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar, Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Sai dai shanu da awaki ba su da masai, kuma masan da aka haƙa a saman marmaro shi ma matsala ne.

Tsoron kurkunu kuwa ya zama tarihi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013. Wadda ba ta tafi ba ita ce tsargiya, kuma ta fata take shiga, daga dodon koɗin da ke zaune a ruwan da ya kwanta. Yaron da ya tsoma ƙafa a kududdufin bakin marmaro yana cika jarka shi ke cikin haɗarin.

Alam da ƙwallon zogale suna kwantar da laka, ba sa gama da ƙwayar cuta. Tafasawa ke yi, a bar ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Cewa tafasa na kashe amfanin ruwa ba gaskiya ba ne. Iskar cikinsa ce ta fita ya yi salaf, a juya shi tsakanin kwano biyu ɗanɗanon ya dawo. In ba itace, a sa maganin kulorin irin Aquatabs yadda aka rubuta a takardarsa, a jira minti 30. Wuta dai ba ta cire dalma ko maganin feshi, don haka marmaron da ke ƙasan wurin haƙar ma'adinai ko gonar da aka fesa a ƙyale shi.

Sau da yawa ma marmaron ba shi da laifi. Jarkar da aka yi wata ba a wanke cikinta ba, da modar da kowa ke tsomawa a randa har wuyan hannu, su ke ɓata ruwan bayan ya iso gida.