Ƙasar Da Ake Biyan Kuɗi Don Kallon Kunkuru

Idan yaro ya tsinci kunkuru a gona, yakan juya shi rigingine ya yi ta wasa da shi. Ba mai ba shi ko kwabo don ya gani. To, amma akwai ƙasar da mutane kan hau jirgin sama su je, su biya kuɗi masu yawa, don kawai su kalli kunkuru yana cin ciyawa. Sunan ƙasar Ekwado. Tana nahiyar Amurka ta Kudu, a bakin tekun Fasifik.

Masu irin wannan tafiya su ne 'yan yawon buɗe ido. Abu biyu ke kai su Ekwado. Na farko manyan duwatsun da ke tsakiyar ƙasar. Na biyu waɗansu tsibirai da ake kira Galafagos. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. A wuraren nan biyu, baƙo yana bukatar ɗan jagora, wato wanda ya san wurin kuma gwamnati ta ba shi takardar izini.

A kan duwatsu

Baƙi da yawa sukan fara sauka a Kito, babban birnin ƙasar. Birnin yana kan tudu mai tsawon mita 2,850. Ya ninka tudun Jos fiye da sau biyu. Kusa da shi akwai dutsen Kotofaksi, mai tsawon mita 5,897. Dutse ne mai aman wuta, wato wani lokaci yakan fitar da hayaƙi da toka da narkakken dutse daga cikinsa. Duk da haka ƙanƙara ce ta rufe kansa, saboda tsananin sanyin sama.

Iskar can ba ta isar huhu kamar ta ƙasa. Wanda bai saba ba sai ya ji ciwon kai da haki da tashin zuciya. Idan ya yi taurin kai ya ci gaba da hawa, yana iya rasa ransa. Ɗan jagora shi ke tsayar da baƙi su kwana biyu ko uku a ƙasa-ƙasa har jikinsu ya saba. Shi ne kuma ke nuna musu wata irin ungulu mai suna kwando, wadda idan ta buɗe fikafikanta sukan kai mita 3.

A kan tsibirai

Daga nan sai a hau jirgi zuwa Galafagos. Nisansu daga gaɓar teku kusan kilomita 1,000 ne, kamar daga Kano zuwa Legas. Aman wutar duwatsu ne daga ƙarƙashin teku ya taru ya sandare, ya zama tsibiran. Har yanzu wutar ba ta mutu ba, don ko a 2024 dutsen tsibirin Farnandina ya yi aman wuta.

Saboda nisan nan, dabbobin wurin sun daɗe ba su san mutum ba, ba su san kare ko kyanwa ba. Shi ya sa ba sa gudu. Tsuntsu na kwance kan ƙwansa a bakin hanya, mutum ya wuce, ko motsi ba ya yi. Akwai wani ƙadangare mai kama da damo wanda ke nutsewa cikin teku ya ci gansakuka. Ba irinsa ko ina a duniya. Sai kuma uban gayya, kunkuru. Babba yakan kai kilo 250, nauyin buhun taki biyar ke nan, kuma yakan shekara fiye da 100.

Rashin tsoron nan shi ya ja musu bala'i. Kunkurun yana iya yin wata da watanni ba ci ba sha. Da matuƙan jiragen ruwa na dā suka gane haka, sai suka riƙa loda su da ransu cikin jirgi, suna yanka ɗai-ɗai a hanya. Ta haka aka kwashe fiye da 100,000.

Ɓarnar akuya

Amma abin da zai fi ba makiyayi mamaki shi ne labarin akuya. A 1959 waɗansu masunta suka saki awaki 3 a wani ƙaramin tsibiri mai suna Finta. Nufinsu su riƙa samun nama idan sun dawo. Ba kura, ba dila, ba mai yanka. Kafin shekara 20 awakin sun kai wajen 40,000. Kowa ya san halin akuya idan ta shiga gonar wake. Suka cinye ciyawa, suka cinye tsiro, suka ɓare bawon itatuwa. Kunkuru kuwa ba ya hawa bishiya, ba ya sauri. Ya rasa abinci, ya rasa inuwa.

A 1971 aka ga kunkuru guda ɗaya tak a Finta, namiji. Aka raɗa masa suna Joji mai kaɗaici. Aka kai shi wurin kiwo, aka yi ta neman macen jinsinsa, ba a samu ba. Ya mutu a watan Yuni na 2012. Daga kansa irin kunkurun Finta ya ƙare.

Haka awaki suka yi ɓarna a waɗansu tsibiran ma. Daga 1997 zuwa 2006 aka yi gangamin kawar da su. Maharba suka bi su a ƙasa, waɗansu kuma daga jirgi mai saukar ungulu. Da suka ragu, sauran suka shige lunguna. Sai aka yi dabara. Aka kama waɗansu awaki aka ɗaura musu na'ura a wuya mai nuna inda suke, aka sake su. Akuya ba ta zama ita kaɗai, dole ta nemi garke. Duk inda ta je, maharba na biye. An kashe fiye da 140,000, kuma galibin naman a nan aka bar shi ya ruɓe. Gaskiya wannan da ciwo ga duk mai kiwo. Sai dai bayan 'yan shekaru daji ya sake toho.

An kuma ci nasara a tsibirin Esfanyola. Kunkuru 15 kaɗai suka rage na jinsin wurin. Aka tattara su aka yi ta kiwo, ana mayar da 'ya'yansu gida, har suka kai wajen 2,000.

Aikin ɗan jagora

Wannan tarihi shi ya sa dokar wurin ta yi tsauri. Tun 1959 gwamnati ta keɓe kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran ya zama gandun daji. Tun kafin baƙo ya hau jirgi ake bincika kayansa, kada ya shigo da iri ko ɗanyen 'ya'yan itace ko ƙwari. A cikin gandun kuwa ba ya zuwa wuraren kallo sai da ɗan jagora, kuma jagora ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum 16. Dole a bi turbar da aka shata. Dole a bar mita 2 tsakanin mutum da dabba, wato kamar taku uku. Ba a taɓa dabba, ba a ba ta abinci, ba a ɗaukar ko tsakuwa. Kafin a tsallaka wani tsibiri akan wanke takalmi, don ƙwayar ciyawa ɗaya da ta maƙale tana iya yin irin aikin awakin nan uku.

Mutane wajen 30,000 ke zaune a tsibiran, kuma yawancin 'yan jagora daga cikinsu ne. Har manoma ma sun sami rabonsu. A tudun tsibirin Santa Kurus, kunkuru kan hauro daga ƙasa idan rani ya yi, yana neman ɗanyar ciyawa da tabki. Hanyarsa ta ratsa gonaki. Yakan karya shinge, ya ci amfanin gona, ya raba ciyawa da shanu. Waɗansu manoma suka ɗaga wayar shingensu ta ƙasa don ya wuce. Waɗansu suka buɗe gonakinsu ga baƙi, suna karɓar kuɗin shiga, suna sayar musu da abinci da kofi. Ba kowane manomi ke samun wannan ba. Wanda gonarsa ke nesa da hanyar baƙi, ɓarnar kawai yake gani.

Dogaro da baƙi ma yana da nasa haɗari. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage, 'yan jagora da masu kwale-kwale da masu masauki suka zauna wata da watanni ba ciniki. Da aka buɗe hanya kuma sai baƙi suka yi yawa, har suka wuce 300,000 a 2023. Ga shara, ga ƙarancin ruwan sha, ga jiragen kaya masu iya shigo da ɓera da tururuwa. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta ninka kuɗin shiga ga baƙon waje, daga dala 100 zuwa dala 200. Ana raba kuɗin tsakanin hukumar gandun daji da ƙananan hukumomin tsibiran.