Uwar Dokin Iska

Duk wanda ya tashi tsakanin Ƙaura Namoda, Zurmi da Shinkafi ya san sunan wani doki, ko da bai taɓa riƙe linzami ba. Makaɗa Ibrahim Narambaɗa, haifaffen Tubali ta ƙasar Shinkafi, shi ya ɗora Ɗan Filinge a kan kotso, ya kira shi Dokin Iska. Dokin sukuwa ne na Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Doki ya tafi, sarki da makaɗi sun riga mu gidan gaskiya, amma har gobe in aka saki waƙar a rediyo ko a wayar wani saurayi, sai ka ga dattijo ya gyara zama kamar yana hango ƙura a fage.

Abin da ya rage a bakin jama'a shi ne sunan ɗan, da sunan garin da aka jingina shi gare shi, wato Filinge ta ƙasar Kurfai a Nijar. Amma kowane dokin iska goɗiya ce ta haife shi, kuma ita nake so mu tsaya mu duba.

Goɗiya tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya, kusan kwana 340. Galibi cikin dare take haihuwa, lokacin da gari ya yi tsit, domin dabba ce da aka halitta da tsoron abin da zai faɗo mata daga sunƙuru. Ba a cika sa'a biyu ba sai dukushi ya miƙe kan dogayen ƙafafunsa masu rawa, ya laluba nono, kafin rana ta faɗi yana bin uwarsa da sassarfa. Daga wannan rana ita ce makarantarsa. In ta firgita da ganga, shi ma zai firgita. In ta tsaya cak mutum ya shafa mata wuya, shi ma zai yarda da hannun ɗan Adam. A garken dawakin da ke yawo sake, ingarma yana baya yana gadi da haniniya, amma tsohuwar goɗiya ce ke gaba, ita ta san hanyar ruwa. Masana halittu ma sun tabbatar cewa akwai wani ɓangare na gado, mai alaƙa da yadda jiki ke sarrafa kuzari, wanda ta wajen uwa kaɗai yake gangarowa. Hausawa sun riga su gane haka da suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Duk da haka, dubi matsayinta a wurinmu. Ranar hawan salla, akawal da kili da danda da hurde su ake yi wa ado da jalala da tunjimi, su ake busa wa algaita. Basarake ba ya fita a kan goɗiya. Ita tana can ƙauye ko ruga, a turke ƙarƙashin inuwa, rabonta harawa da dusa da ɗan jiƙon kanwa. Da damina ita ke fama da ƙudan da ke kawo ciwon dawaki, da rani ita ke shayarwa da busasshiyar ciyawa. Harshenmu dai bai manta da ita ba: a wajen 'yan bori, macen da iska ke hawa goɗiya ake ce mata, namiji kuwa doki. Wato ko a can an san cewa bayanta yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfin ido.

Larabawan jeji, waɗanda duniya ta sallama musu a sanin doki, ta wajen uwa suke lissafa asalinsa, kuma Balarabe ya fi saurin rabuwa da ingarma a kan goɗiyarsa. Turawa kuma sun mai da abin rubutu. Tun 1791 Ingila ta buɗe kundin asalin dawakin tsere, inda ake shigar da kowace goɗiya da 'ya'yan da ta haifa. Shi ya sa yau za a iya ba da labarin wata dukusa ta ƙasar Hangari dalla-dalla, sama da shekara 150 bayan haihuwarta.

Sunanta Kincsem, ma'ana dukiyata. An haife ta a 1874. Ubanta Cambuscan daga Ingila aka sayo shi, uwarta kuwa Water Nymph 'yar gida ce. Ana ba da labarin cewa tana ƙarama mai saye ya zo ya zaɓi 'yan'uwanta ya bar ta, don bai ga kyan da zai ja ido ba. Sai ta zauna a hannun mai kiwonta, Ernő Blaskovich, wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Hesp ya hore ta. Ta fara fita fage a 1876, ta yi tsere 10 ta cinye. Shekara ta gaba 17, ta bayanta 15, ta ƙarshe 12. Tsere 54 ke nan, ba a taɓa shan gabanta ba, kuma har yau babu dokin da ya kamo wannan.

An ce doki ɗaya a fage gudu gare shi, amma Kincsem ba ita kaɗai ta yi gudu ba. A jirgin ƙasa ake yawo da ita, daga Hangari zuwa Ostiriya da Jamus, tana karawa da maza da mata. A 1878 ta ƙetara Ingila ta ɗauki kofin Goodwood, ta biya Faransa ta ci babban tseren Deauville. A shekarar nan a Baden-Baden wani ingarma ya iso layi kai da kai da ita, alƙalai suka kasa rabewa. Aka ce a sake. Da aka sake, sai ta bar shi yana shaƙar ƙura. Mutanen ƙasarta suna cewa tana da kyanwa abokiyar tafiya, wadda in ba ta gan ta ba, ba ta shiga jirgi. Ta mutu a 1887 bayan ta haifi 'ya'ya biyar, jininta ya ci gaba da cin tsere a Turai, kuma babban filin sukuwa na birnin Budapest sunanta yake ɗauke da shi.

Ban kawo labarinta don in ce namu sun gaza ba. Ƙasar da ke tsakanin gulbin Gagare da Bunsuru ƙasar doki ce tun zamanin da Namoda, wanda Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yake fita yaƙi, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929. Muna da shamakai da 'yan barga da dillalai waɗanda daga haƙori suke gane shekarun doki, daga faɗin ƙirji da buɗewar hanci su gane numfashinsa. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta ga dabbobin Gobir da Adar da Azbin iri-iri. Abin da ya bambanta mu da mutanen Kincsem shi ne su sun rubuta, mu mun bar wa baki, kuma dokin mai baki ya fi gudu ne kawai muddin mai bakin yana raye.

Yau babur ya karɓe hanya, rashin tsaro ya tashi rugage da ƙauyuka da dama a dazukan Zurmi da Shinkafi, kuma a irin waɗannan wurare ne goɗiyoyi suke. In ingarma ya salwanta, an yi asarar doki guda. In goɗiya ta salwanta, iri ne ya yanke.

Har yanzu akwai dattawan da za su iya gaya maka wace goɗiya ta haifi wane doki, daga wace ruga aka kawo ta, wa ya ba wa kyautarta. Matasan da ke kilisa da yamma suna ɗaukar hoton dawakinsu a waya, su ne ya kamata su durƙusa gaban waɗannan dattawa su ce, "Baba, wace ce uwarsa?" su rubuta amsar. Narambaɗa ya sauke nauyinsa, ya tsare mana sunan ɗan. Sunan uwa yana hannunmu, tun masu saninsa suna da rai.