Idan Fada Ya Cika Shekara 75: Wa Zai Riƙe Shi, Wa Zai Riƙe Coci?

Ma'aikacin gwamnati a Minna ya san ranar ajiye aikinsa tun ranar da aka ɗauke shi: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Limamin cocin Katolika, wanda kowa ke kira Fada, nasa lissafin daban ne. Sa'o'insa sun daɗe da komawa gida suna jiran fansho, shi kuwa yana nan yana bin ƙauyuka ranar Lahadi, yana ɗaura aure, yana raka gawa makabarta. Sai ya cika 75 ake maganar hutu.

Wannan iyaka ba Najeriya ce ta yanke ta ba. Fafaroma Paul na Shida ne ya kawo ta a 1966, sannan ta shiga kundin dokokin cocin na 1983. Sashe na 538 ya ce limamin da ke riƙe da farish, wato coci da jama'ar yankinta, idan ya cika 75 ana roƙonsa ya miƙa wa bishop takardar murabus. Bishop zai duba lafiyar mutumin da halin da wurin ke ciki, ya karɓa ko ya ce a ɗan jira. Idan ya karɓa, wajibi ne ya sama masa wurin zama da abin rayuwa. Shi kansa bishop bai tsira ba, domin sashe na 401 ya ɗora masa irin wannan doka, sai dai shi Fafaroma yake rubuta wa. Haka Kadinal John Onaiyekan ya sauka daga kujerar Abuja a 2019, Ignatius Kaigama ya gaje shi.

Murabus ba ya cire wa mutum limanci. A koyarwar Katolika wanda aka naɗa Fada ya zama Fada har mutuwa. Abin da yake ajiyewa shi ne mulkin farish: makullai, asusu, rigingimun kwamiti, gyaran rufi. Yana ci gaba da yin Misa da sauraron masu furta zunubi muddin ƙafa da murya na aiki.

A Minna batun ya zo kusa, saboda shekarun dayosis ɗin kanta, wato yankin da bishop ke riƙe da shi. An yanko yankin daga Kaduna a 1964, aka damƙa shi ga Fada Edmund Fitzgibbon na ƙungiyar Saint Patrick, 'yan mishan daga Kiltegan a ƙasar Ailan. A 1973 ya zama cikakkiyar dayosis, Christopher Abba ya zama bishop na farko, da kujerarsa a babban cocin Saint Michael. Da aka mayar da shi Yola a 1996, Martin Igwe Uzoukwu ya karɓa. An haife shi a 1950, ke nan ya cika shekarun murabus a 2025, kuma tun 2020 aka naɗa masa mataimaki, Luka Sylvester Gopep.

Turawan da suka fara aikin suna da inda za su koma. Idan tsufa ya zo, ƙungiyarsu na da gida da masu jinya a Ailan. 'Yan ƙasa da suka gaje su, Gbagyi da Koro da Adara da Ibo da Tibi da sauransu, su ne yanzu furfura ke kamawa, kuma nan ne gidansu.

A ƙasar nan 'ya'ya su ne fanshon tsoho. Ko malamin makaranta ne da giratutinsa ya maƙale, akwai ɗa a Abuja da zai aiko da kuɗin magani, akwai jika da zai kawo ruwan wanka. Fada ya yi alkawarin ba zai yi aure ba. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, gidan da ya zauna shekara da shekaru na coci ne, kuma magajinsa na jiran ɗakin. Idan ya koma garinsu, iyaye sun rasu, 'yan'uwa sun tsufa, 'ya'yansu kuma sun san shi ne a matsayin kawun da ke biya musu kuɗin makaranta, ba wanda za su ɗauki nauyinsa ba. Hawan jini da ciwon suga da ciwon ido ba sa duba alkyabba. Sashe na 281 ya ce a tanadar wa limamai taimako na rashin lafiya da tsufa, amma doka ba ta buga kuɗi. Kuɗin daga baikon Lahadi da bikin godiyar kaka suke fitowa, daga aljihun manomin doya da mai shago a kasuwar Kure. Jama'ar da ke tara miliyoyi don sabon gini, ya kamata ta riƙa tambaya a fili ina aka ajiye wanda ya yi wa 'ya'yanta baftisma. Wannan hakki ne, ba alfarma ba.

Akwai kuma waɗanda ba su kai ga ganin 75 ɗin ba. Fada Isaac Achi ne ke riƙe da cocin Saint Theresa a Madalla ranar Kirsimetin 2011, lokacin da bam ɗin Boko Haram ya kashe mutane sama da 30 a bakin cocin. Ya tsira, ya ci gaba da aiki. Ranar 15 ga Janairun 2023 'yan bindiga suka cinna wa gidansa wuta a Kafin Koro, ƙaramar hukumar Paikoro, ya mutu a ciki, mataimakinsa Fada Collins Omeh ya kuɓuta da raunin harsashi. Shekara biyu kafin haka an kashe Fada John Gbakaan na cocin Saint Anthony da ke Gulu, a kan hanyarsa ta dawowa daga Makurdi. Duk bishop ɗin da zai tura matashi ya maye gurbin dattijo a yankin Shiroro ko Munya ko Rafi, inda ƙauyuka suka watse, da waɗannan sunaye a ransa yake sa hannu.

Matasan dai suna nan. Makarantun horar da limamai irin su Good Shepherd a Kaduna da Saint Augustine a Jos ba su rasa ɗalibai ba, duk da cewa karatun na cin kusan shekara 9. Al'amarin ma ya juya: ƙungiyar mishan ta Saint Paul, wadda Kadinal Dominic Ekandem ya kafa a 1977 kuma take horarwa a Gwagwalada, tana tura limamai Amurka da Turai, har da Ailan, inda ake haɗe coci-coci saboda ƙarancin Fada.

Saboda haka damuwar Minna ba ta yawan limamai ba ce, ta yadda ake miƙa aiki ce. Farish guda na iya samun ƙananan coci-coci da yawa a ƙauyuka, waɗanda Fada ba ya kai musu ziyara sai jefi-jefi. Katikis ne ke jagorantar addu'ar Lahadi, shi ke koyar da masu shirin baftisma da Hausa ko Gbagyi, shi ke zuwa gaisuwar mutuwa, sau da yawa a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba. 'Yan Zumuntar Mata ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Inda Fada ya ja waɗannan a jiki ya bar su suka yi aiki, tafiyarsa kewa kawai take bari. Inda kuwa ya riƙe komai a hannunsa, sabon da ya zo sai ya tarar ba wanda ya san adadin bashin makaranta ko inda takardar fili take.

Dokar cocin ta hango wannan. Sashe na 537 ya wajabta wa kowane farish kwamitin kuɗi da ya ƙunshi mabiya, sashe na 535 kuma ya ce a adana littattafan baftisma da aure da mutuwa. A ƙauyukan da ake ƙona gidaje, adana su ya zama aikin gaggawa, domin budurwar da ta yi gudun hijira daga Kafin Koro zuwa unguwar Tunga ko Maitumbi a Minna, ranar da za a ɗaura mata aure, shaidar baftismarta za a fara nema, kuma daga waɗancan littattafan ake ciro ta.