Kiwon ƙadangare mai gemu a Minna: inda shawarwarin ƙasashen sanyi ke buƙatar gyara

Ƙadangare ba baƙo ba ne a Minna. Daga Tunga zuwa Bosso, da wuya a sami katangar da jan gwada ba ya shan hantsi a kanta yana gyaɗa kai. Sai dai akwai wani ɗan uwansa daga ƙasar Ostireliya, wanda ake kira ƙadangare mai gemu, da ke cikin dabbobi masu jan ciki da aka fi kiwatawa a gidaje a Turai da Amurka, kuma hotunansa a shafukan sada zumunta suna jan hankalin matasa masu sha'awar dabbobin waje. Duk wanda ya shigo da shi gida a Minna zai tarar cewa galibin bayanan kiwonsa da ke intanet an rubuta su ne domin mutanen da ke fama da sanyi da ƙarancin rana, alhali matsalar nan ta sha bamban.

Sunansa a kimiyyance Pogona vitticeps, kuma dangi ɗaya suke da jan gwada. Asalinsa busassun yankunan tsakiyar Ostireliya ne. Babba yakan kai tsawon santimita 45 zuwa 60 har da wutsiya, kuma idan ya sami kulawa yakan rayu shekara 10 zuwa 15. Abin da ake kira gemu fata ce mai ƙayoyi a ƙarƙashin maƙogwaronsa, wadda yake kumburawa ta yi baƙi idan ya tsorata ko ya fusata. Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta masu rai domin kasuwanci tun shekarun 1960, saboda haka waɗanda ke kasuwa a yau jikokin waɗanda aka hayayyafa ne a wasu ƙasashe. A Najeriya, shigo da dabba mai rai daga waje yana buƙatar izinin Hukumar Killace Dabbobi da Tsirrai ta Ƙasa, NAQS, kuma ya kamata mai saye ya tambayi mai sayarwa inda dabbar ta fito.

Abu na farko da ya kamata mai kiwo ya fahimta shi ne, wannan dabba ba ta samar wa jikinta ɗumi da kanta. Tana hawa dutse ta sha zafi, idan ya ishe ta sai ta koma inuwa, kuma da wannan kai-kawon take narkar da abinci. Domin haka ake so kejinta ya kasance mai ɓangare biyu: wurin shan zafi mai kimanin digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyas, da ɓangaren sanyi da bai wuce digiri 22 zuwa 27 ba. Babban ƙadangare yana buƙatar keji mai tsawon santimita 120 da faɗin 60 da tsayin 60 aƙalla, domin a ƙaramin akwati ba a iya raba zafi da sanyi.

A Ingila ko Jamus, wahalar mai kiwo ita ce samar da zafin. A Minna kuwa, a watannin Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin rana kan doshi digiri 40, ɓangaren sanyin ne ke ɓacewa. Ɗaki mai rufin kwano yakan ɗauki zafi gaba ɗayansa, kuma idan aka ƙara kunna ƙwan fitila mai ƙarfi kamar yadda littattafan waje suka ce, dabbar ba ta da wurin gudu. Buɗe baki a kan dutsen shan zafi al'adarta ce ta rage ɗumi, amma idan ta buɗe baki tana can lungun da ya kamata ya zama mai sanyi, ko ta dinga tonon ƙasan keji tana neman mafaka, to zafi ya yi yawa. Ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a kowane ɓangare, sun fi kowane ado muhimmanci a kejin. A bazara ana iya buƙatar rage ƙarfin fitila da mayar da kejin ɗakin da ya fi iska, a lokacin hunturu kuma a ƙara. Sanyin daren Disamba da Janairu a Minna ba ya cutar da shi, illa dai ya rage kuzari da cin abinci.

Kuskuren da ya fi kisa, kuma ya fi wuyar ganewa, ya shafi haske. Fatar ƙadangaren tana buƙatar wani sashe na hasken rana da ake kira UVB domin ta haɗa bitamin D3, wanda idan babu shi hanji ba ya iya tsotse sinadarin kalsiyam daga abinci. Gilashin taga yana tare kusan dukkan wannan haske. Ma'ana, ƙadangaren da ke cikin falo kusa da taga, a garin da rana ke ƙwallewa, yana iya zama daidai da wanda ke cikin duhu ta fuskar ƙashinsa. Jiki yakan fara janye kalsiyam daga ƙasusuwa, muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su kumbura ko su karkace, yatsu su riƙa rawa, daga ƙarshe dabbar ta kasa ɗaga cikinta daga ƙasa. Ciwon yana ɗaukar makonni ko watanni, kuma ƙadangare ba ya kuka kamar kyanwa, saboda haka sau da yawa ba a lura sai ƙashi ya riga ya lanƙwashe.

Maganin da aka sani shi ne doguwar fitilar UVB ta musamman, wadda ake kunnawa kimanin awa 12 a rana, a kuma sauya ta duk bayan wata shida zuwa shekara ɗaya, domin ƙarfinta yana ƙarewa ko da tana ci gaba da haske a ido. A nan ne batun wutar lantarki ke shigowa. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma mazauna Minna sun san ɗaukewar wuta, kuma fitilar da ke aiki awa uku a rana ba ta biya buƙata. Mai kiwon da ba shi da sola ko inbata sai ya yi lissafin wannan kafin ya sayi dabbar.

Abin da Minna ke da shi, wanda mai kiwo a Landan zai yi sha'awa, shi ne rana ta gaske kusan duk shekara. Keji na raga a tsakar gida, da safe tsakanin ƙarfe takwas da goma sha ɗaya, tare da inuwa a rabinsa, yana ba da hasken da babu fitilar da ta kai shi. Sharaɗin shi ne kada a taɓa fitar da shi rana a cikin akwatin gilashi ko na roba, domin zafi yana taruwa a ciki ya kashe shi cikin ɗan lokaci. Ragar kuma ta kasance mai rufi, saboda kyanwa da shaho, da kuma ƙadangarun gida waɗanda kashinsu ke iya ɗauke da tsutsotsin ciki.

Damina tana da nata haɗarin. Dabbar busasshiyar ƙasa ce da ta fi son danshin iska na kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, alhali a watannin Yuli zuwa Satumba danshin Minna yakan ninka haka. Keji a rufe ba iska, mai jiƙaƙƙen ƙasa, yana jawo ciwon huhu da fumfuna a fata. Alamun su ne majina a baki ko hanci da numfashi mai ƙara. Kejin katako mai faffaɗar raga ya fi dacewa da nan, kuma tayil ko takardar jarida a ƙasansa sun fi yashi, wanda ƙananan ƙadangaru kan haɗiya tare da abinci ya toshe musu hanji.

Abincinsa yana sauyawa da shekaru. Ƙarami ya fi cin ƙwari kullum, irin su gyare da fara, kuma kada girman ƙwaro ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa. Babba kuwa ganye ne mafi yawan abincinsa, ƙwari sau biyu ko uku a mako, ana barbaɗa musu garin kalsiyam. Kabewa da koren wake da ɗan karas suna da kyau, gwanda da mangwaro kuma kaɗan-kaɗan saboda zaƙi. Alayyafo yana da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam, don haka kada ya zama abincin kullum, latas kuma kusan ruwa ne zalla. Albasa da fiya ba a ba shi su sam. Soyayyiyar farar kasuwa mai gishiri da yaji ta mutane ce. Ƙwarin da aka kamo a gona ko a ɗakin da aka fesa maganin sauro suna iya ɗauke da guba, shi ya sa masu kiwo da dama ke hayayyafar gyare da kansu a cikin roba. Makesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, an sami rahotanni a Amurka cewa guda ɗaya ya kashe ƙadangare mai gemu, kuma da damina yana yawo a tsakar gida.

Akwai kuma lafiyar mutanen gida. Dabbobi masu jan ciki sukan ɗauki ƙwayar cutar Salmonela a hanjinsu ba tare da sun nuna alama ba. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi diddigin wata annoba tsakanin 2012 da 2014 inda mutum 166 a jihohi 36 suka kamu sakamakon hulɗa da wannan ƙadangare, kuma fiye da rabinsu yara ne 'yan shekara biyar zuwa ƙasa. Cibiyar tana ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi daga shekara 65, da masu raunin garkuwar jiki su riƙa taɓa shi. A gidan da ake cin tuwo da hannu a kwano ɗaya, wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi wajibi ne, kuma ba a wanke kayan kejinsa a madafa ko wurin wanke-wanke.

Sabon ƙadangare yakan ƙi abinci na 'yan kwanaki saboda sauyin wuri, kuma ya fi kyau a bar shi mako ɗaya zuwa biyu kafin a fara ɗaukarsa. Idan za a ɗauka, a tallabo cikinsa daga ƙasa, kada a ja wutsiya, domin tasa ba ta sake tsirowa. Ba ya buƙatar aboki, kuma maza biyu a keji ɗaya faɗa za su yi. Likitocin dabbobi a Jihar Neja sun fi sabawa da shanu da awaki da kaji, amma gwajin kashi domin gano tsutsotsin ciki aiki ne da suka sani, kuma yana da kyau a yi shi a watan farko. Idan ciwo ya yi tsanani, akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Abuja da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.